A Daina Matsa Wa Matuƙan Jirgi Idan Hadari Ya Haɗo

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a wannan jarida mai farin jini in yi magana kan wata ɗabi'a da ke dawowa duk farkon damina a filin jirgin saman Kaduna da sauran filayenmu. Da zarar an sanar da ɗage tashi saboda yanayi, sai zauren jira ya kaure. Wani ya ce ƙarya ce mai ne babu, wani ya ce ai ko ɗigon ruwa bai sauka ba, wani babba kuma ya ɗauki waya yana neman wanda zai sa baki a tashi. Kamfanonin jirage suna da nasu laifin, zan zo kansa. Amma idan matuƙi ya ce ba zai tashi ko ba zai sauka ba saboda hadari, a bar shi, domin abin da yake gudu ido ba ya ganinsa daga zauren jira.

Ba ruwan sama ne abin tsoron ba. Jirgi na ratsa ruwa lafiya lau. Abin tsoron shi ne iskar da ke rikitowa daga cikin hadari. Duk wanda ya zauna a Kaduna ya san yadda hadarin gabas yake: gari ya yi tsit, sai iska mai sanyi da ƙura ta taso ta kwashe rufin kwano, kafin ruwa ya sauka. Wannan iskar daga sama ta diro, ta bugi ƙasa ta watsu ko'ina kamar ruwan da aka sheƙa daga bokiti. Faɗin wurin da take dira bai cika wuce kilomita 4 ba, kuma cikin minti 5 zuwa 15 ta gama ta wuce. Amma a wannan ɗan lokacin tana iya gangarowa da saurin ƙafa 6,000 a minti ɗaya.

Ga abin da ke faruwa da jirgin da ya shige ta yana shirin sauka. Jirgin fasinja irin Boeing 737 yana tunkarar titi da gudun kusan kilomita 260 a awa, yana gangarowa kimanin ƙafa 700 a minti. Abin da ke riƙe shi a sama shi ne iskar da ke bi ta kan fukafukansa. Da farko iska za ta buge shi ta gaba, ma'aunin gudu ya haura, jirgin ya ɗan ɗaga sama da hanyarsa. Nan tarkon yake, don hannu zai so ya rage wuta ya sunkuyar da hanci. Daƙiƙa kaɗan bayan haka jirgin ya shiga tsakiya inda iska ke danna shi ƙasa, sannan ya fita ɗaya gefen inda take turo shi ta baya. Gudun da ya ƙaru ɗazu ya zube gaba ɗaya. Bambancin iskar gaba da ta baya kan kai kilomita 80 a awa, wani lokaci ninkin haka, alhali ratar da ke tsakanin gudun sauka da gudun da fiffike ke daina ɗaukar jirgi ba ta wuce kilomita 50 zuwa 60 ba. Injin da aka rage wa wuta kuwa yana bukatar daƙiƙa 6 zuwa 8 kafin ya dawo da cikakken ƙarfinsa. Jirgin da ke ƙafa 200 daga ƙasa bai fi daƙiƙa 17 ya rage masa ba, ko da komai na tafiya daidai.

Ana koya wa matuƙa mafita, kuma suna maimaita ta a na'urar kwaikwayon tuƙi: a ba injina wuta duka, a ɗaga hanci zuwa wajen digiri 15, a daidaita fukafukai, a tabbatar birkin iska (allunan da ke miƙewa a kan fiffike don rage gudu) ya kwanta, kada a taɓa tayoyi ko maɗaukan fiffike (sassan da ake buɗewa don ƙara wa fiffike ƙarfin ɗauka) har sai an fita. Sai dai akwai iskar da ta fi ƙarfin kowane inji. Shi ya sa darasin farko shi ne kada a shiga. A sararin sama ma ƙa'idar ita ce a kewaye babban hadari da tazarar mil 20, tun da kansa kan haura ƙafa 50,000, tsayin da jirgin fasinja ba ya kai wa, ga ƙanƙara a cikinsa.

Mun riga mun biya kuɗin wannan darasi da rayuka. Ranar 29 ga Oktoba 2006 jirgin ADC da ya tashi daga Abuja zuwa Sakkwato ya faɗi jim kaɗan bayan tashinsa, mutum 96 suka rasu, cikinsu har da Mai Alfarma Sarkin Musulmi Muhammadu Maccido. Binciken hukuma ya nuna an tashi cikin mummunan yanayi, jirgin ya shiga juyin iska irin wanda na bayyana a sama, ba a kuma bi matakan fita yadda ya kamata ba. Kafin nan, a Disambar 2005, jirgin Sosoliso ya faɗi a Fatakwal yana ƙoƙarin sauka cikin hadari, akasarin mamatan yara 'yan makaranta. Mu a Kaduna ba mu manta da yammacin 21 ga Mayu 2021 ba, lokacin da jirgin sojan sama ƙirar King Air 350 ya faɗi kusa da filin jirginmu cikin mummunan yanayi, Babban Hafsan Sojan Ƙasa Laftanar Janar Ibrahim Attahiru da mutum 10 suka riga mu gidan gaskiya. Allah Ya jiƙansu da rahama.

Batun soja yana da nauyi na daban. Matashin hafsa da ke tuƙa na gaba da shi a muƙami ya taso cikin tarbiyyar bin umarni, kuma faɗin "ranka ya daɗe, ba za mu tashi yanzu ba" ba ƙaramin abu ba ne a bakinsa. Tun da a sansanin Mando ake ba matuƙan sojan samanmu horon farko, a Zariya kuma kwalejin koyon tuƙin jirgin sama ta NCAT ke yaye na farar hula tun bayan kafa ta a 1964, a nan ya kamata a dasa musu cewa a cikin jirgi maganar matuƙi ce ta ƙarshe, kowa ke zaune a baya. Su ma manyan a faɗa musu haka a fili.

Wasu kan ce me ya sa ba a yi ta shawagi ba har hadarin ya wuce, maimakon a kai mutane Kano ko a koma Abuja. Lissafin mai ne. Ana ɗora wa jirgi man tafiya, da ƙarin kashi 5 cikin 100 don abin da ka iya tasowa, da wanda zai kai shi filin da aka tanada a madadin, da na minti 30 na ƙarshe wanda ba a son a taɓa. Abin da ya saura a kan wannan shi kaɗai ne na jira. Idan ya ƙare dole a juya.

Da hunturu kuma hazo ne. Na'urar ILS mataki na ɗaya, mai yi wa jirgi jagora zuwa titi idan ba a gani sosai, tana sauko da jirgi zuwa ƙafa 200 ne kawai, kuma ana bukatar ganin nisan mita 800, ko 550 a kan titi mai cikakkun fitilu. Idan an iso nan ba a ga titi ko fitilunsa ba, sai a sake ɗagawa.

To, ga bangaren hukumomi da kamfanoni. Jama'a ba sa yarda da uzurin yanayi ne saboda an sha laɓewa a bayansa alhali matsalar ta jirgi ce ko ta tsari. A riƙa faɗin gaskiyar dalili da Hausa da Turanci, a kuma ba fasinja haƙƙinsa kamar yadda ƙa'idojin hukumar kula da sufurin jiragen sama ta NCAA suka tanada. Hukumar hasashen yanayi NiMet, da ta kula da sararin samaniya NAMA, da ta filayen jiragen sama FAAN su tabbatar na'urorin auna juyin iska a kewayen titi, da ILS, da fitilun sauka suna aiki kafin ruwan farko, da wutar da ba ta yankewa, a kuma riƙa gwada su a kan lokaci. Na'urar da aka ƙaddamar da biki aka bar ta ta mutu ba ta gargaɗin kowa.

Ga matafiya kuma, daga Afrilu zuwa Yuni, da kuma Satumba zuwa Oktoba, lokacin da hadari ya fi zuwa da iska, a fi neman jirgin safe, domin zafin rana ne ke dafa hadarin la'asar. Wanda ke da ɗaurin aure ko ganin likita washegari, ya bar wa kansa kwana guda a tsakani.

Na gode da wannan dama.

Daga wani tsohon ma'aikacin harkar jiragen sama,
Kaduna.