Godiya ga Sashen Masu Ciwon Baya: Na Koma Sahu a Tsaye

Zuwa ga likitoci, nas-nas da sauran ma'aikatan sashen masu ciwon baya da suka duba ni a nan Kano.

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ya aiki, ya haƙuri da mu?

Ni malamin firamare ne, shekarata 24 ina tsayuwa a gaban allo. Shekara uku ke nan da ciwon ƙugu ya sa ni gaba. Idan na zauna sai ya lafa, amma da na miƙa hannu zan yi rubutu a saman allo, ko na waiwaya in tsawata wa yara, sai in ji kamar an soka mini tsinke a kwankwaso. Ruku'u ba ya ba ni wuya, ɗagowa ce aiki. Azumin bara a kan kujera na yi tarawihi, a ƙarshen sahu, tare da dattawan da suka haife ni.

Ba irin maganin da ban nema ba. Wannan ya ce basir ne, wancan ya ce sanyin ƙashi. Wanzami ya yi mini ƙaho har sau biyu. Ƙwayoyin kemis kuwa na sha su kamar gyaɗa, har cikina ya fara zafi.

Ranar da na zo wurinku, likita bai yi gaggawar rubuta magani ba. Ya sa na sunkuya, na ce ba komai. Ya sa na banƙare ina karkata gefe, na yi ƙara. Sai ya ɗauko wani ƙashin baya na roba da ke kan teburinsa, ya ƙirga mini ƙasusuwa biyar na ƙugu, ya nuna mini 'yan ƙananan gaɓoɓi bibbiyu da ke haɗa kowane ƙashi da na ƙasansa ta baya, ɗaya dama ɗaya hagu. Ya ce su ma suna cinyewa kamar gwiwa, kuma na can ƙasa, tsakanin na huɗu da na biyar, su suka fi shan wahala. Tun da na fara ciwon nan, ranar na fara ganin inda yake.

Abin da ya fi sa ni rubuta wannan wasiƙa shi ne gaskiyar da kuka faɗa mini. Da za a yi mini allura a gaɓar da ke ciwo, likita ya ce: "Malam, allurar nan ba ta mayar da gaɓa sabuwa. Tana iya ba ka sauƙi na makonni ko watanni, wani ma ba ta yi masa aiki. Kuma ba a yawan maimaita ta." Mu da muka saba da masu lasifika a bakin kasuwa, masu magani ɗaya cuta arba'in, wannan magana ta shige ni. An tambaye ni ko ina shan maganin tsinka jini, kuma da aka ji ina da ciwon suga, aka gargaɗe ni cewa sinadarin rage kumburi da ke cikin allurar zai iya ɗaga sugan na 'yan kwanaki, in riƙa aunawa. Haka kuwa aka yi, ya hau, ya sauka.

Ranar allura na kwanta rub da ciki, gabana na faɗuwa, don a unguwa an ce mini duk wanda aka taɓa wa baya da allura ya gama tafiya. Wata nas ta lura hannuna na rawa, ta ce: "Baba, kawo labarin 'yan ajinka." Ina cikin ba ta labarin wani yaro mai cin alli aka goge wurin, aka kashe zafin fata, likita yana kallon hoton ƙashina a allon na'ura yana bin hanyar allurar a hankali har ta isa gaɓar. Ko rabin awa ba a yi ba. Ɗana ne ya mayar da ni gida, don kun hana ni hawa babur ranar.

Kun ba ni takarda in riƙa rubuta yadda nake ji. Awannin farko zafin ya ɗauke ɗif, wanda likita ya ce alama ce cewa a gaɓar ciwon yake. Washegari ya dawo. Da ba ku gaya mini haka za ta faru ba, da na ce kuɗina sun tafi a banza. Wajen kwana biyar sai na ji jiki ya saki.

Masu gashin ƙashi, ku ma na gode, duk da ranar farko na so in gudu. Motsa jikin da kuka koya mini ina yin sa bayan asuba a kan tabarma, jikokina na kwaikwayona suna dariya. Ban manta da mai ba da kati ba, wanda ya gan ni ina dafa bango ya ɗauko mini kujerarsa.

Yau wata huɗu ke nan. Ban ce na warke sarai ba, idan na yi aji uku a jere bayan yana tuna mini. Amma Juma'ar da ta wuce a tsaye na yi salla, a sahu na biyu.

Roƙona ɗaya: a ƙara benci a bakin ɗakin likita, masu irin ciwonmu tsayuwa ce abokiyar gabarsu. Allah ya saka da alheri, ya jiƙan mahaifa. Sai na zo ranar da kuka rubuta mini a kati.

Naku,
Wani malamin firamare, Kano