Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Gwamnan Jigawa, Malam Umar Namadi

Assalamu alaikum. Mai girma Gwamna, Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana.

Daga wani ƙauye na ƙaramar hukumar Auyo nake rubuto maka, a kan gudummawar da masu hannu da shuni ke bayarwa idan iftila'i ya auka mana. Allah ya saka musu da alheri. Sai dai yawancinta a shinkafa da tabarmi da kwanon rufi take ƙarewa, kuma ba ta isowa sai ruwa ya gama ɓarnarsa.

Ranka ya daɗe, a ambaliyar 2022, lokacin da kogin Haɗejia ya shanye gonaki ya rusa gidajen ƙasa tun daga Ringim har Guri, kafin motar hukumar agajin gaggawa ta jiha (SEMA) ta sami hanya, su wa suka kwashe tsofaffi da yara? 'Yan agajin ƙungiyoyin addini ne, da samarin ƙungiyoyin taimakon kai da kai. Su ne ke kwana a kan jinga suna jera buhunan ƙasa, su ne ke shiga ruwa har ƙirji suna saran kachala don ruwa ya sami mafita. Yawancinsu da kwale-kwalen aro suke aikin nan, ba rigar ruwa, ba ko tocila ta kirki, kuɗin buhu ma karo-karo ake yi. Gobarar tankar mai ta Majiya a Oktoban 2024, wadda ta ci rai sama da 150, ita ma ta nuna mana buƙatar masu horon agajin gaggawa a kusa.

Roƙona shi ne idan ka zauna da attajirai da gidauniyoyi, ka nemi su ware wani kaso don ƙarfafa waɗannan ƙungiyoyi: a saya musu kwale-kwale da kayan aiki, a kawo Red Cross ta horar da su, a koya wa ma'ajinsu riƙe littafin kuɗi. Masarautun Haɗejia da Ringim sun san masu aiki na gaskiya, a tambaye su, kada abin ya biyo ta hannun jam'iyya. Duk ƙungiyar da ta karɓa ta karanta lissafinta a gaban jama'a bayan sallar Juma'a.

Kuma a saki wannan tallafin tun watan Afrilu. In aka bari sai Agusta, madatsun Tiga da Challawa sun cika, hanyoyinmu sun yanke.

Wassalam.

Naka mai biyayya,
Wani ɗan aikin gayya daga Auyo