Zumar itacen Kanada ta tuna mini da mazarƙwaila

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ɗana da ke karatu a Kanada ya aiko mini da 'yar kwalba, abin ciki kamar zuma, amma daga itacen mapul ake samunsa, wanda ganyensa ke jikin tutar ƙasar. Maƙwabcinsa ma yana yi a bayan gida don sha'awa kawai. A ƙarshen hunturu, lokacin da ruwa ke daskarewa da dare ya narke da rana, sai ya huda itacen ya rataya bokiti, ruwan na ɗiga kaɗan-kaɗan. Sai an dafa kusan lita 40 kafin a samu lita 1!

Sanyinmu na Jos bai kai nasu ba, amma ɗanɗanon ya tuna mini da mazarƙwailar kakata, Allah Ya jiƙanta. Washegari na sayo rake a Farin Gada, na fere, na daka a turmi, na tace da farin ƙyalle. Tun hantsi na ɗora, ina kwashe kumfa da ludayi. Kafin la'asar ya yi kauri, ya yi jajir, ƙamshi ya cika tsakar gida. Tukunyar farko ta kama, don na cika wuta. Ta biyu kuwa jikokina suka lashe da masa.

Roƙona, ku tura wakilinku wajen tsofaffin masu mazarƙwaila, ya tambayo mana yadda suke gane ta nuna kafin a juye. Wallahi ina son in koya.

Wata mai karanta ku,
Unguwar Rogo, Jos