Anti ki taimaka min, ashe fasfona ake so a aura ba ni ba

Assalamu alaikum Anti, ina gaishe ki da duk masu sauraron shirinki. Dan Allah ki sakaya sunana, in da hali ma ki canza sunan garin, don mu Hausawan nan ba mu da yawa, kowa ya san kowa, mace ɗaya ta ji to kafin la'asar an gama ji. Ta intanet nake bin shirin, yawanci in na taso daga aikin dare ina cikin bas.

Wallahi ban ma san ta ina zan fara ba. Saƙon murya ne Gwaggo ta turo guruf ɗin gidanmu na WhatsApp, 'yarta ta so ta tura wa sai hannunta ya kuskure, kafin ta goge na riga na saurara. Cewa take wai kowa ya kwantar da hankalinsa, shekara 5 ce kawai, da zarar yaron nan ya samu takardar zama sai a nemo masa 'yar mutunci a nan gida wadda ta san ciwon kanta, ita kuma baturiyar ta ci gaba da zama da turawanta. Baturiyar ni ce fa Anti, 'yar ƙaninta uwa ɗaya uba ɗaya. Har da dariya tana yi, ina jin ƙarar cokali tana shan shayi.

Bari na koma baya don ki gane. A Kano aka haife ni, a Gwammaja, sai a 2007 Abba ya ɗauko mu zuwa Manchesta ina 'yar shekara 9, shi ya sa kika ga Hausata ba ta gudu ba, har ajin firamare na yi a gida kuma Umma ba ta taɓa yarda a yi mata turanci a ɗaki ba. Karatu ya kawo Abba amma mutanen gida gani suke kuɗi yake shara a titi, alhali gadi yake yi da daddare ya wuce makaranta da safe, a tsaye yake gyangyaɗi. Da wannan kuɗin gadin ya gina gida a Rijiyar Zaki, kuma kin san wa ke cikin gidan yanzu? Yaya, ɗan Gwaggon, ko sisi ba ya biya, har yau ba a raba gado ba, in Umma ta ɗaga maganar sai ace mu da muke Turai me za mu yi da gida. To wannan ma wata magana ce daban.

Mutane gani suke wanda ya tashi a waje a kan katifa ya tashi. A makaranta 'yan Najeriya da na tarar duk Yarbawa ne da Ibo, in nace ni ma 'yar Najeriya ce sai su kalli hijabina suce anya ba 'yar Somaliya ba ce, basu taɓa jin masa ba, basu san fura ba, su dai dafa-duka da sakwara. In mun je masallaci kuma 'yan Pakistan ne suna ta Urdunsu, Umma ta zauna a gefe ita kaɗai har a tashi. Ranar da za a yi miyar kuka sai mun kwashe rigunan makaranta mun kulle a ɗaki an buɗe tagogi ana tsakiyar hunturu saboda warin daddawa, don an taɓa ja min hanci a aji na dawo gida ina kuka. Duk da haka ban taɓa cewa bana ci ba. Ni ce nake raka Umma shagon 'yan Pakistan mu sayo garin shinkafa na tuwo, ni nake fere mata irin kabewarsu doguwar nan mu yi taushe da alayyafon leda da man gyaɗar kwalba da yara ke shafa wa burodi. Kuka da kuɓewa busasshiya da yaji sai wani zai zo daga gida a sayo a kasuwar Rimi, Umma ta ɓoye a firiza tana ɗiba da ƙaramin cokali. Kilishi da man shanu kuwa doka ta hana shigowa da su, an taɓa ƙwace na Abba a filin jirgi, kwana ya yi bai yi wa kowa magana ba. Azumin 2015 da 2016 da ya faɗo tsakiyar bazararsu sama da awa 18 muke yi, ina zuwa makaranta a haka, ban sha ko ɗaya ba sai na lalura. Duk wannan na faɗa ne don ki san wadda ake ce wa baturiya.

Abba ya rasu a 2020 lokacin korona, Allah ya jiƙansa, a nan aka binne shi a ɓangaren musulmi, mutum ƙalilan aka bari suka je saboda dokar kulle, ba jirgi ba komai. Tun daga nan Gwaggo ta ɗaura wa Umma karan tsana, wai ita ta riƙe shi a ƙasar arna har ya mutu ba ta ga gawarsa ba. Dama can basa shiri. Ita kuma Umma tun da Abba ya rasu ta zama wata iri, kullum tsoronta kar ace ta lalata 'ya'yan marigayi, musamman da yake ƙanena a nan aka haife shi, Hausarsa sai a hankali, ya taɓa ce wa Hajiya kakarmu "kana lafiya" a waya aka yi shekara ana maimaitawa. To duk abin da dangin Abba suka ce sai tace to.

Da bikin 'yar Baffa muka je Kano kwanan baya, kuma ni da zuciya ɗaya na je, na yi wa kowa tsaraba, turare, takalma, wayoyi har biyu, ankon ma ni na biya wa mutum shida a Kantin Kwari. Ranar yinin biki ina zaune cikin mata sai Gwaggo ta ƙwala min kira daga bayan gida inda ake girki, na je na tarar da ƙatuwar tukunya a kan murhun icce, irin wadda ake yi wa taro tuwo, talge na ta tafasa, ta miƙo min muciya doguwa ta kusa kai ni tsawo tace zo ki tuƙa mana mu ga na Ingila. Anti ni fa na iya tuwo, na mutum biyar nake yi a kan gas tun ina sakandare, amma wannan ai aikin masu girkin biki ne da ake biyansu, 'ya'yanta ma da suke tsaye suna kallo ba wadda za ta iya. Hayaƙi ya cika min ido, ga leshi a jikina ga lalle bai gama bushewa ba, ina zuba gari yana dunƙulewa, muciyar ta ƙi juyawa, sai wata tsohuwa ta rangaɗa guɗa aka kwashe da dariya har da masu ɗauka a waya. Gwaggo ta karɓe tace bar shi 'yar nan kar ki ƙone, can ai burodi kuke ci. Umma na tsaye a wurin, murmushi ta yi. Har yanzu in na tuno murmushin nan sai na ji wani abu ya tokare min wuya.

Bayan nan kuma aka ce bana durƙusawa sosai in zan gaida manya, wai ina kallon mutane cikin ido, wai na ci abinci a gaban Baffa. To ni nas ce, a wurin aiki in baka kalli mara lafiya a ido ba cewa za a yi wulaƙanci ne, abu ne da ya bi jikina, kuma na durƙusa, gwiwa ɗaya ce dai ba biyu ba saboda siket ɗin da telansu ya ɗinka min ya matse.

Na manta ban gaya miki asalin maganar auren ba. Tun kafin mu je ashe an gama shiryawa da Umma ta waya, wai a yi tuwona maina, Yaya ya aure ni zumuncin Abba ya ɗore. Ni sai a can na ji. Ya zo zance, ba laifi yana da fara'a kuma ya yi digiri, sai dai tun da ya gama bautar ƙasa yake zaune. Zuwansa na biyu ya tambaye ni wai albashina ya kai fam 29,000 a shekara? Nace me ya kawo wannan, yace ai tun watan Afrilun 2024 aka ɗaga, da 18,600 ne, in bai kai ba basa barin mutum ya kawo mijinsa. Ya san kuɗin biza, ya san fam 1,035 na lafiya da ake biya na kowace shekara, ya san sai ya yi gwajin tarin fuka da jarrabawar turanci, ya san sai an sabunta bizar a tsakiya kafin a cika shekara 5 ɗin. Ni da nake zaune a ƙasar ban san rabin wannan ba. Kuma duk wa zai biya? Ni. Bai tambaye ni wane ɓangare nake aiki a asibiti ba, bai ce Allah ya jiƙan kawunsa ba, amma ya nemi na nuna masa fasfon, yana juya shi yana cewa ashe yanzu ba ja ba ne shuɗi ne.

Yanzu Baffa cewa yake na amince, kuma wallahi ban amince ba. Cewa nayi zan yi tunani, zan yi tunani ai ba eh ba ne. Zoben da suke magana a gaban mutane ya ba ni, ga Hajiya ga Gwaggo ga matan Baffa, in ce bana so a nan su ce ga rashin tarbiyyar ta fito? Waya kuma eh muna yi bayan na dawo, shi yake kira, ɗan'uwana ne ba zan ƙi ɗagawa ba, kuɗin da na tura masa kuma na gyaran mota ne yace, dama kowane wata ina tura wa Hajiya da ita kanta Gwaggon, tun da fam ya haura naira 2,000 ban huta da saƙon "ya aiki" ba. Da Baffa ya tambaye ni na sunkuyar da kai na yi shiru saboda an gama ce min mai kallon ido, sai yace alhamdulillah shirun budurwa yarda ne. In na yi magana baturiya ce, in na yi shiru na yarda. Sai bayan na dawo nake jin har an karɓi kuɗin gaisuwa an raba.

Da na kunna wa Umma saƙon, don ƙanena ya riga ya adana shi kafin a goge, na zata za ta tashi ta kira Gwaggo ta wanke ta tas. Sai tace wai maganar mata ce, wai in aure ya yi albarka aka haihu duk wannan zancen zai bi ruwa, wai na rufa mata asiri kar ace ita ta zuga ni. Kuka ta yi ta yi har hawan jininta ya tashi, ni na auna ta da kaina. Gwaggo kuwa ko a jikinta, washegari ta turo addu'ar safiya a guruf da hoton fure.

Akwai kuma wani, gara na faɗa. Mai haɗa magunguna ne a inda nake aiki, a Landan aka haife shi, iyayensa mutanen Ilori ne, musulmi ne na gaske, ko muna tsakiyar aiki sai ya nemi wuri ya yi sallah. Ba wai soyayya muke ba irin yadda za a ɗauka, magana ce ta mutunci, ya ce yana so ya turo manyansa, kuma tun kafin na tafi Kano ne, Umma ta sani tace kar na kuskura na ja mata abin faɗa. A nan ni da shi duk 'yan Najeriya ne, wariyar da na sha ita ya sha, baya buƙatar fasfona don yana da nasa, yanzu har miyar kuka yake ci. A Kano kuwa Bayarabe ne kawai, shikenan. Shi bai san da maganar zoben ba, ban ga amfanin ɗaga masa hankali kan abin da ban amince da shi ba. Amma ba saboda shi nake ƙin Yaya ba, ko babu shi saƙon nan ya isa.

Wata abokiyar aikina tace auren dole laifi ne a dokar Ingila tun 2014, akwai inda ake kai ƙara. Nace mata ki rufa min asiri, in kai uwata ƙara wurin turawa? Ai sai na tabbatar wa Gwaggo maganarta. Kuma ba wanda ya ɗaure ni da igiya, kuka ne dai da Allah ya isa da ake min barazana da ita a fakaice.

Ƙanena cewa yake na tura saƙon guruf ɗin kowa ya ji a yi ta ta ƙare, ni kuma ina tsoron Hajiya, ta tsufa, kuma ita kaɗai ce a gidan nan ba ta taɓa ce min baturiya ba. In na kunna wa Baffa shi kaɗai, Baffa baya tsallake maganar Gwaggo, ita ta goye shi. Kuma shi ne waliyyina tunda Abba baya nan. To Anti in ya ƙi, limamin masallacinmu na nan zai iya tsaya min ko ƙanena, shekararsa 17? Ko auren bai halatta ba? Kuma in na fita daga guruf ɗin na daina tura wa Gwaggo kuɗi, na shiga cikin masu yanke zumunci? Dan Allah in akwai malami a shirin ki tambaya min. Maganar gidan Rijiyar Zaki ma ina so na san ko yanzu ya dace a tayar ko sai wannan ta lafa.

Baffa yace bayan babbar sallah za a ɗaura, wai ko ban zo ba ba komai tunda ba a buƙatar amarya a wurin ɗaurin aure. Umma ta riga ta sa na nemi hutu a wurin aiki, ita a tunaninta na nema, ban nema ba tukun. Ki taimaka ki karanta tawa a wannan satin.

Taki, mai saurare daga Ingila.