Wasiƙar Godiya ga Sashen Kula da Ido na Babban Asibitin Ƙasa na Yamai

Zuwa ga shugaban sashe, da likitoci, da malaman jinya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, na rubuto ne daga Tahoua a madadin iyalinmu, domin in gode muku a bainar jama'a kan aikin gyaran da kuka yi wa idon mahaifiyarmu.

Hajiya ta daɗe tana fama da hawan jinin ido, wanda likitoci ke kira gilokoma. Da maganin ɗigawa ya kasa, sai aka yi mata tiyata a wani asibiti, irin wadda ake buɗe wa ruwan cikin ido 'yar ƙofa a farin ido, ruwan ya riƙa taruwa a ɗan ƙulli ƙarƙashin fatar ido ta sama, jiki yana shanye shi. Aikin ya yi amfani shekaru, kafin bangon ƙullin ya yi siriri ya fara yoyo. Duk wanda ya gan ta cewa yake ƙurar hunturu ce ke sa ta hawaye, alhali ganinta sai ƙara dushewa yake.

Likitanku da ya duba ta bai yi gaggawa ba. Ya shafa wa wurin wani rini ruwan ɗorawa, ya haska shuɗiyar fitila, sannan ya kira ni na leƙa na ga ruwan yana gangarowa yana wanke rinin. Ya ce matsin ido mai lafiya yakan tsaya tsakanin 10 da 21, nata kuwa ya faɗi ƙasa da 6, kuma babban abin tsoron shi ne ƙwayoyin cuta su bi ta ƙofar su shige cikin idon. A ɗakin tiyata aka yanke bangon da ya lalace, aka janyo lafiyayyen tantanin da ke rufe farin ido daga sama aka rufe wurin, aka ɗinke da zaren da bai kai kaurin gashi ba.

Abin da ya fi kwanta mini a rai, har fiye da gwanintar hannu, shi ne gaskiyar da aka faɗa mata da Hausa, ba tare da kewaye-kewaye ba. Likitan ya ce, "Hajiya, abin da ciwon ya riga ya cinye ba ya dawowa, wanda ya rage muke tsare miki." Ya kuma gargaɗe mu cewa matsin na iya sake hawa bayan gyaran, kuma hakan aka yi, shi ya sa aka mayar da ita kan timolol, maganin ɗigawa mai rage matsin ido. Yanzu yoyon ya tsaya, tana zuwa masallacin unguwa ba ɗan jagora.

Ina da roƙo guda. Tsakanin Tahoua da Yamai ya haura kilomita 500, doguwar tafiya ce ga tsohuwa mai sabon ɗinki a ido, ga kuɗin mota. Da za a riƙa turo tawagarku lokaci-lokaci domin bibiyar waɗanda aka yi wa irin wannan aiki, da mutanen Adar sun samu sauƙi ƙwarai.

Allah ya saka muku da alheri, ya ƙara basira.

Wassalam,
Ɗan majinyaciya, daga Tahoua