Godiya Ga Sashen Tiyatar Yara Na Asibitin Koyarwa Na Malam Aminu Kano

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Likitoci da nas-nas na wannan sashe, na zaɓi in gode muku a bainar jama'a ne saboda larurar da kuka yi wa ɗana aiki a kanta, irin wadda iyaye kan ɓoye ce don kunya.

An haife shi ƙofar fitsarinsa ba ta kai bakin gabansa ba, tana daga ƙasa, gaban kuma ya ɗan lanƙwashe. Fatar loɓa ta sama ce kawai, har tsofaffin gida na cewa ai da kaciyarsa ya zo, a kira wanzami ya ƙarasa. Allah Ya sa muka fara zuwa wurinku. Abin da likita ya fara hana mu shi ne kaciyar, domin wani lokaci da wannan fatar ake yin gyaran. Ya ɗauki biro ya zana mana yadda za a miƙe gaban, a ƙarasa hanyar fitsarin har baki. Ya ce ana samun haka a kusan ɗaya cikin yara maza 200 zuwa 300, kuma an fi son a yi aikin tsakanin wata 6 zuwa 18, amma ko yaro ya wuce haka ana yi masa. Da ya ce ba abin da na ci ko na sha da cikinsa ba ne ya jawo, wallahi sai da na yi hawaye.

Ba ku rufe mu ba. Tun kafin a shiga ɗakin tiyata kun ce ɗinkin na iya yin yoyo, har a sake wani aiki. Faɗin gaskiyar nan ya fi kwantar min da hankali a kan lallashi.

Nas-nas kuwa, sai dai addu'a. Wata baiwar Allah ta tsaya da tsakar dare tana koya min sa famfas biyu, robar fitsari ta zuba a na waje, kashi ya tsaya a na ciki, don kada ya taɓa ɗinkin. Sau nawa na tambaya, ba ta taɓa ɗaure fuska ba.

Yanzu yaro na fitsari a miƙe, ba yoyo, alhamdulillahi. Allah Ya saka muku da alheri, Ya yi wa zuri'arku albarka, Ya ba sauran yaran da ke kwance lafiya.

Wassalam,
Mahaifiyar yaron, daga Kano