Wasiƙa zuwa ga Inna a kan leɓen ɗan Auta

Assalamu alaikum Inna,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kuna lafiya, ke da Baba da kowa na gida. Ni ma lafiya ƙalau, sai dai sanyi. Da ina taƙama mu mutanen Jos mun gama sanin sanyi, ashe na Disamba a Unguwar Rogo somin taɓi ne a kan na Ingila.

Barka da arziki, Allah ya raya mana shi. Na ga hoton jaririn ta WhatsApp, na ga tsagar da aka haife shi da ita a leɓen sama, na kuma ji saƙon Auta, rabinsa kuka ne. Ta ce dangin mijinta na ta ƙus-ƙus, wai fitar dare ta yi da ciki, wasu kuma wai dariya ta yi wa mai irin wannan leɓe. Shi ya sa na zauna na rubuta, don a karanta miki a tsanake, ke kuma ki san abin da za ki ce ranar suna. Kin daɗe kina tambayata wai me nake yi da ƙwan kaji a jami'a har ake biyana. To yau ga ranarsa.

Fuskar ɗan Adam ba a dunƙule take farawa ba, Inna, gida biyar ce. Wajen sati na 4 da shigar ciki, ɗan tayi bai fi ƙwayar shinkafa ba, sai wasu 'yan tudu biyar su ɓullo kewaye da inda baki zai kasance: ɗaya daga sama, shi ne goshi da hanci, biyu daga gefe, su ne kumatu, biyu daga ƙasa, su ne haɓa. Su yi ta girma suna matsowa har su haɗe, kamar yadda kike haɗa ƙyallaye a keken ɗinki. Ki sa yatsa a ƙarƙashin hancinki, ki taɓa ɗan kwarmin nan da ya gangaro zuwa leɓe. A gefunansa aka yi ɗinkin, kowa na da shi. Leɓen sama yakan gama haɗuwa wajen sati na 7, ganɗa kuma, wato rufin baki, sai wajen sati na 10 zuwa 12. Ki lissafa da kanki. Lokacin da leɓen yaron nan ya tsaya bai ƙarasa haɗuwa ba, da ƙyar in Auta ma ta tabbatar tana da ciki. Fitar da ta yi da cikin wata shida ba ruwanta da wannan magana.

Abin da ya fi ba ni mamaki, har yau ban saba da shi ba, shi ne yadda 'yan ƙwayoyin halitta, wato ƙananan tubalan da ake gina jiki da su, suke sanin inda za su. Yawancin waɗanda ke gina ƙashin fuska daga can bayan kai suke tasowa, kusa da inda ƙwaƙwalwa ke tsirowa, su yi ayari su gangaro gaba. Ba ido, ba ɗan jagora. Aike suke yi wa juna da wasu sinadarai. Kin san turaren wuta: wanda ke kusa da kasko shi ke shan ƙamshi sosai, na bakin ƙofa kaɗan yake ji, na tsakar gida sai ya shinshina. Haka ƙwayar ke gane matsayinta daga ƙarfin saƙon da ya iso mata, sai ta san ko ta hayayyafa, ko ta tsaya, ko ta zama guringuntsi. A inda tudu biyu suka haɗu kuwa, dole fatar da ke tsakaninsu ta kau kafin naman ya manne. Saƙo ya ɗan makara, ko ya zo da rauni, sai lokacin haɗuwar ya wuce, ba ya kuma dawowa.

Ɗaya daga cikin saƙonnin nan, don Turawa ba sa rasa abin dariya, sunan wata bushiya ta wasan kwamfuta suka sa masa, Sonik. Shi ke auna faɗin tsakiyar fuska. In ya yi yawa idanu su yi nesa da juna, in ya yi ƙaranci su matso. A shekarun 1950, makiyaya a jihar Aidaho ta Amurka suka riƙa ganin tumakinsu na haifar 'ya'ya masu ido ɗaya a tsakiyar goshi. Da aka bincika, wani tsiro ne tumakin ke ci wajen kwana 14 da ɗaukar ciki, gubarsa ke toshe wannan saƙo. Ni kuma aikina, nakan yanke 'yar taga a ɓawon ƙwan da ya kwana uku ko huɗu a ɗumi, in leƙa ta madubin ƙara girma. Ga zuciya kamar ɗigon jan barkono tana bugawa, ga tuddan fuskar ba su haɗu ba tukuna. Duk ranar da na leƙa sai na yi tasbihi.

Me ke sa saƙon ya kuskure? Yawanci gado ne da wasu abubuwa suke haɗuwa, gadon kuma ta wajen uba ma yana zuwa, ki riƙe wannan saboda Gwaggon mijinta. Hayaƙin taba, ciwon suga, da wasu magungunan farfaɗiya suna ƙara haɗarin. Sau da yawa kuma ba a samun wani dalili guda. A duniya, kusan jariri 1 cikin 700 haka yake zuwa, har nan inda ake awo kamar me.

Yanzu abin da ya fi gaggawa shi ne nono. A kai shi JUTH, asibitin koyarwa na Jami'ar Jos, can Lamingo likita ya haska cikin bakin, a ga ko tsagar ta shiga ganɗa. In leɓe ne kawai zai iya kama mama. In ta shiga ciki ba zai iya zuƙa ba, sai ta riƙa tatsa ana ba shi a kofi ko ƙaramin cokali, a zaune, kaɗan-kaɗan, a riƙa sa shi gyatsa. In madara ta ɗan fito ta hanci kada ku firgita. Leɓe ana ɗinke shi yana wata 3 zuwa 6 in ya yi ƙiba, ganɗa kuma wajen shekara ɗaya, kafin ya fara magana. Ku tambaya a kan Smile Train, ƙungiya ce da ke biyan kuɗin irin wannan aiki a asibitoci da dama a Najeriya. Don Allah kada a shafa masa komai a wurin, kada kuma a kai shi wajen wanzami da sunan gyara.

Kuma a fito da shi ranar suna, Inna, kada a rufe shi a ɗaki. Ki ɗauke shi da hannunki ki nuna wa mutane, in sun ga kakarsa ba ta ɓoye shi ba, bakinsu zai mutu.

Na tura wa Yaya kuɗin rago da na mota zuwa asibiti. A turo mini nauyinsa duk lokacin da aka auna. Ki gaida Baba, ki ce masa hular da ya ba ni ita ke cetona. In akwai mai zuwa, a haɗo ni da yaji da kuka, nawa sun ƙare tun watan jiya.

Ɗanki, daga Ingila.